Ranar Alhamis a Ɗakin Yaya

Matar yayana ce ta fara jin muryar. Tana zaune a gindin darbejiyar tsakar gida tana tsintar shinkafa, rana ta take, sai ta ji wani abu ya ɗauki gunji a ɗakin da ke jikin zaure, kamar an kunna ƙaramar fanka. Ya yi wajen rabin awa. Da ya tsaya sai wata mace ta yi magana a ciki da Turanci, jimla ɗaya, daga nan shiru. Kwana tara ke nan da rasuwar Yaya, ɗakin kuwa a garƙame yake da kwaɗo tun ranar sadakar uku.

Ba ta gaya wa kowa ba sai da abin ya maimaita a Alhamis ta gaba. Ranar Asabar na zo Kankia daga Kusada, inda nake koyarwa, na durƙusa daga bakin ƙofarta na gaishe ta. Da can ba ma haɗuwa ba ta tsokane ni ba, ta kira ni mijin ƙarshen wata, wai ba a ganina sai albashi ya ƙare. Ran nan daga bayan labule ta ce, "Malam ƙarami, mi yayanka ya bari a ɗakin can mai magana?"

Na san ko mene ne tun kafin ta rufe baki, domin ni na saka shi.

Yaya ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. A ɗakin nan yana da kwamfuta ta tebur da na'urar ɗaukar hoton takardu, yana kunna su da sola. 'Yan uwa daga Ƙofa da Kaikai sukan kawo masa takardun gona da na gida, ya ɗauki hotonsu gaba da baya ya adana, ba ya karɓar ko sisi. Wata shekara wani ya zo da filash mai bairos, kwamfutar ta kwanta mako biyu. Ni ne mai digiri a gidan, ko da yake ilimin ƙasa na karanta, ni na ba shi shawarar mu yi rajistar manhajar kariya irin wadda ake biya ta intanet shekara-shekara. Tana tare bairos, tana kuma share tarkacen da ke sa kwamfuta nauyi. Na zaɓar mata ranar Alhamis da ƙarfe sha biyu, lokacin da batir ya cika, ta riƙa tayar da kwamfutar da kanta tana bincike. Akwai wani ɗan akwati da aka rubuta a gefensa cewa ta riƙa tattara hotuna masu kama da juna. Na tuna na tsaya a kansa na ɗan lokaci, sannan na danna. Na ga kamar tsafta ce.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, duk takardun gonar mutanenmu kamanninsu ɗaya. Farar takarda mai layi, bismilla a sama, rubutun malami guda ko almajirinsa, sai dangwalen yatsu a baya. A idon manhaja hoto ɗaya ne aka maimaita. Lokacin da Yaya ke raye, duk Alhamis takan tambaye shi ko ta kwashe su, shi kuma ya danna a'a. Idan ba a amsa ba, sai ta ɗauki shiru a matsayin yarda, ta kai su wani wuri da take kira killacewa, bayan kwana talatin ta goge. Safiyar da aka kai Yaya asibiti bai kashe kwamfutar ba, barci kawai ya sa ta. Tun daga lokacin take tambayarsa.

A cikin takardun akwai ta gonar Goggo, yayar mahaifinmu, wadda ke Kaikai. Ta asalin gara ta cinye ta a cikin adaka shekara biyu da suka wuce. Hoton da ke ɗakin nan shi kaɗai ya rage.

Rahoton manhajar ta imel ɗina yake zuwa, tunda da shi muka yi rajista. Na ga na farko a makon rasuwa ban buɗe ba. Da na koma Kusada ranar na zauna na karanta su duka. An killace hotuna daga foldar da Yaya ya sa wa suna Takardun Mutane. Sunayen fayilolin lambobi ne zalla, ba yadda za a yi in gane wacce ce ta wa. Wataƙila na Goggo na ciki, wataƙila ba ya ciki. A ƙasan kowane rahoto akwai hoton garkuwa kore da rubutu cewa kwamfutarka tana cikin ƙoshin lafiya.

Mai karatu zai ce me ya hana a buɗe ɗakin. Matar Yaya na da ciki wata shida lokacin da ya rasu, kuma ba a raba gado sai ta haihu an ga abin da aka samu. Ranar sadakar uku an ɗan yi ka-ce-na-ce tsakanin danginmu da nata kan wani agogo da ba a gani ba, wanda daga baya aka tsinta a aljihun rigar da aka kai wanki. Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya sa aka tattara kayan mamaci a ɗakin, ya rufe a gaban kowa, ya rantse ba mai shiga sai ranar rabo. Makullin ya ɗaura a mazagin wandonsa ya koma Ƙofa.

Na fara gwada hanyar da ba sai na je wurinsa ba. Ana iya shiga asusun manhajar ta waya a dakatar da sharar, amma Yaya ya canza kalmar sirri, ya rubuta ta a littafinsa, littafin kuma na cikin ɗakin. Wata Asabar bayan azahar ina zaune a zaure na danna wurin da ake cewa an manta kalmar sirri. Allon ya ce an tura lamba zuwa wayar mai asusu. Ban gama karantawa ba na ji ƙarar shigowar saƙo daga bayan ƙofar, irin ƙarar nan ta ɗigon ruwa da Yaya ya zaɓa. Wayarsa na jone da caji a kan tebur tun ranar da aka rufe ɗakin, kuma sola bai daina ba ta wuta ba.

Na ajiye wayata. Can na ji takun matar Yaya a hankali ta zo bakin zaure.

"Wa ke neman shi?" in ji ta.

"Ni ne," na ce. "Wato ba ni ba ne, saƙo ne na sa aka turo."

"Kar ka ƙara, don Allah."

Ban ƙara ba.

Na yi tunanin hawa rufi in cire wayar sola. To amma daga batirin ɗakin nan fankar ɗakinta ke samun wuta, ga bazara, ga tsohon ciki. Kuma ban da tabbacin ko da kwamfutar ta mutu kwanakin za su daina ƙirguwa. Sannan solar ma ai kayan gado ne. Na kwana uku ina juya wannan a raina, na bar shi.

Daga ƙarshe na hau babur na tafi Ƙofa. Na tarar da Baffa a ƙofar gida yana gyaran ƙotar garma. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi shanu, sannan na fara bayani. Yanzu in na tuna yadda na yi maganar kunya takan kama ni. Na ce akwai yiwuwar wani abu a cikin kwamfutar yana iya taɓa wasu takardu, ko da yake ba lallai ba ne, kuma mai yiwuwa har da ta Goggo, amma ba zan iya cewa tabbas ba.

Ya ajiye gizago ya dube ni. "Ɗakin a buɗe yake?"

"A rufe yake, Baffa."

"An fasa rufi?"

"A'a."

"To wa ke ɗibar takardun?"

"Ita na'urar ce da kanta."

"Na'urar da aka saya don ta tsare su?"

"I, Baffa."

"Ka tabbata ta Yaya Babba na ciki?" Haka yake kiran Goggo.

Da na ce i, da ina jin ya tashi ya ɗauko hularsa a lokacin. Amma ban tabbata ba, kuma ban iya faɗin abin da ban tabbatar ba a gaban dattijo, musamman a kan rantsuwa. Na ce, "Ba zan ce na tabbata ba."

"To, Malam, ni na tabbata na rantse. Kuma in na buɗe maka kai kaɗai, gobe a ce an ga ƙanin mamaci shina fitowa da abu cikin aljihu. Kai nake tsarewa, ba ka gani ba." Ya ɗauki gizagonsa. "Saura wata nawa ta sauka? Ka yi haƙuri."

Na yi haƙuri. Na ci gaba da karɓar rahoto duk Alhamis ina cikin aji. Waya ta yi motsi a aljihu, in duba agogon bango in ga sha biyu da rabi ta wuce, in san yanzu matar cikin kwamfutar ta gama maganarta a ɗakin da ba kowa. Matar Yaya ta koma shiga maƙwabta duk ranar kafin rana ta take, ko da yake mai takaba ba ta cika fita ba. Wata tsohuwa a layin ta fara cewa mamacin bai gama aikinsa ba ne. Na yi mata bayanin yadda abin yake, ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "To ai abin da na ce ke nan."

Akwai abu ɗaya da har yau ban gane ba. A rahoto na huɗu, wurin da ake rubuta lokacin ƙarshe da aka yi amfani da kwamfutar, an sa Talatar makon, da hantsi. Na fi zaton sabunta kanta ta yi, ko ɓera ya bi ta kan madannai. Na tambayi wani abokina da ya karanci fannin, ya ce hakan na faruwa. Na yarda da shi, amma na goge rahoton daga wayata, abin da ban saba yi ba.

Da aka fara sharar gona sai ga Goggo a Kusada, a bakin makarantarmu, da sandarta da ƙullin goro. 'Ya'yan maƙwabcin gonarta, wanda ya rasu bara, sun share har kunya shida cikin tata, sun ce haka ubansu ya nuna musu. Mai unguwa ya ce kowa ya kawo shaida.

"Kai ɗan boko," ta ce, "je ka fiddo mani takardata. Yayanka ya ce inda ya sa ta ko gobara ba ta ci."

Wannan karon ban yi kwana-kwana ba, ko don ita ba ta ba mutum damar yi. Na gaya mata komai a tsaye, har da akwatin da na danna. Ta tauna goro ta tofar.

"Kwana nawa da ka sani?"

"Mako uku. Ko huɗu."

"Ka tada babur."

Na goya ta har gidan Baffa a Ƙofa. Ba ta ko zauna a tabarmar da aka shimfiɗa mata ba.

"Kai, ba ni makulli."

"Yaya Babba, na yi rantsuwa."

"Ka yi kaffara. In ba ka da hatsin ciyarwa ni zan auna maka."

"Mutane za su ce..."

"Mutane su zo su tsaya su gani. Ka kira liman, ka kira wan yarinyar. Ni na goya ka kana zawo a bayana, yau ka ɗaure ɗaki a wandonka ka ce mani mutane?"

Matan gidan suka fashe da dariya daga ciki. Baffa ya sunkuyar da kai yana murmushin dole, ya ce sai jibi, domin wan matar Yaya na Katsina. Jibin kuwa Alhamis ce. Na so in ce a yi gobe, sai na ga kada in ɓata abin da aka samu.

Mun taru wajen sha ɗaya da rabi, Baffa da liman da wan matar Yaya da Goggo da ni. Liman ya yi addu'a. Kwaɗon ya ƙi buɗuwa sai da aka ɗiga masa man gyaɗa. Ɗakin na da zafi da warin turaren Yaya. Takalmansa na bakin ƙofa, kofin shayinsa na kan tebur, abin da ke ciki ya bushe ya zama baƙi. Aka tsaya ana rubuta sunayen waɗanda suka shiga da dalilin shigarsu, kamar yadda Baffa ya nace. Wan matar Yaya na cikin sa hannu, ban kai ga tebur ba, sai fankar kwamfutar ta tashi, allon ya kawo haske.

Liman ya ja da baya har ya taka ƙafar Baffa. A allon akwai gaisuwa da sunan Yaya, a ƙasa kuma tambayar: an sami hotuna masu kama da juna, a kwashe? Wata lamba na raguwa a gefe.

"Mi ta ce?" in ji Goggo.

"Tana tambayarsa ne."

"To amsa mata mana, ka tsaya kana kallona."

Na zauna a kujerarsa na danna a'a. Na kashe sharar gaba ɗaya, na shiga wurin killacewar na fara dawo da hotunan ɗaya bayan ɗaya. Goggo na tsaye a kaina tana numfashi. Ba ta karatu, amma ta san takardarta da wani tabon manja a kusurwa. A hoto na ashirin da wani abu ta buga mini kafaɗa ta ce ga ta nan. Saura kwana biyu a goge ta.

Gaban takardar ne. Ya faɗi wanda ya sayar da wadda ta saya, ya ce iyakokin suna baya tare da shaidu. Na nemi bayan. Lambar da ke bin ta babu ita a folda, babu ita a killace. Na duba tarihin manhajar, na same ta a jerin waɗanda aka kwashe a makon farko, aka goge kwana goma sha biyu da suka wuce. A ranar da na je Ƙofa ni kaɗai, tana nan.

Na faɗa musu haka, ban rage komai ba. Baffa ya cire hula ya mayar. Muna cikin haka binciken ya ƙare, matar cikin kwamfutar ta yi maganarta, cewa an gama, komai lafiya. Goggo ta dubi sifikar ta ce, "Uwarki." Liman ya yi kamar bai ji ba.

Abokina ya zo daga baya, da izinin Baffa, ya gwada dawo da hoton. Ya ce irin wannan manhaja takan rubuta wani abu a kan gurbin don kada a iya dawowa da shi, wai yana cikin abin da ake biya.

Shaidu uku ne a bayan takardar, in ji Goggo. Biyu sun rasu. Na ukun wani tsoho ne a Kaikai wanda ya kusa daina gani, kuma ɗansa ya gargaɗe mu cewa wani lokacin yana haɗa bara da shekara talatin. Duk da haka mai unguwa ya ce a kawo shi. Da hantsi aka ɗora shi a amalanken shanu aka kai shi bakin gonar, 'ya'yan maƙwabci na tsaye gefe da fartanyunsu.

Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ya saki hannun ɗansa. Ya bi layin gamba yana dogara sanda, ya tsaya a wani kututturen aduwa da ƙasa ta kusa rufewa, ya ce a tona nan. Aka tona aka sami dutsen iyaka. Ya yi gabas, ya nuna na biyu, shi ma aka same shi. Kunya huɗu suka dawo wa Goggo a nan take, samarin ba su yi musu ba. A kusurwar arewa kuwa ya tsaya ya daɗe, ya juya nan ya juya can, ya ce akwai gawo a wurin da, yanzu bai ji inuwarsa ba. Aka tona wuri uku ba a sami komai ba. Mai unguwa ya raba kunya biyun da suka rage, ɗaya nan ɗaya can. Goggo ta ce ta ji, amma ba ta ce ta yarda ba, kuma ba ta dube ni ba.

Na zauna a kan amalanken na rubuta sabuwar takarda da hannuna, kofi uku, na karanta da ƙarfi sau biyu. Da na zo wurin tsohon da tawada sai ya kama hannuna ya shafa.

"Kai ne ƙanin mai na'urar?"

"Ni ne, Baba."

"Ai na nuna mashi duk wannan. Ya zo ya tambaye ni."

"Yaushe, Baba?"

"Kwanan nan. Shina ta sauri, ko ruwa bai sha ba."

Ɗansa ya girgiza mini kai daga bayansa, alamar in rabu da shi. Na kama babban yatsan tsohon zan dangwala a tawada, sai na ga tuni akwai shuɗi-shuɗi irin na tawada a jikinsa, a cikin tsagar fata da gefen farce. Na nuna wa ɗan. Ya ce wataƙila na rajistar taki ne da aka yi musu, ko da yake yana jin shi ya dangwala wa tsohon a ranar, bai dai tuna sosai ba.

Na so in ƙara tambaya. Goggo ta ce rana na yi, ita kuma tana da irin da za ta gyara. Na danna yatsan a tawada, na ɗora shi a kan takardun ɗaya bayan ɗaya, na riƙe kowacce a iska har ta bushe kafin na miƙa mata tata.